Zakaran Gwajin Dafi: Daga Jirgin Avia B-35 Zuwa Sararin Samaniyar Kaduna

Mazauna Kawo da Mando da Hayin Banki da sauran unguwannin arewacin Kaduna sun daɗe da sabawa da ƙugin ƙananan jiragen sama waɗanda kan yi ta shawagi a kansu da hantsi, su sauka, su sake tashi. Jiragen koyo ne daga sansanin mayaƙan sama da ke Mando, inda matuƙan sojan saman Nijeriya ke fara koyon tuƙi. Wanda ya yi nasara a nan akan tura shi Kano domin ya koyi sarrafa jirgi mai injin jet, kuma jiragen da aka daɗe ana wannan aiki da su a can ƙirar wata ƙasa ce ta tsakiyar Turai mai suna Cekoslobakiya, wadda ta rabu gida biyu a farkon shekarar 1993, ta zama Jamhuriyar Cek da Silobakiya.

Ƙasar nan ba ta da gaɓar teku, ba ta taɓa yin mulkin mallaka a Afirka ba, kuma mutanenta kimanin miliyan 15 ne kafin Yaƙin Duniya na Biyu. To, ta yaya ta kai ga ƙera jiragen da Nijeriya ke saye? Amsar tana cikin tarihin wasu jirage da galibinsu ba su taɓa zuwa fagen fama ba, watau jiragen gwaji. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Avia B-35, ya isa misali.

Mene ne samfurin gwaji?

Kafin masana aikin gona na Samaru da ke Zariya su ba manoma wani sabon irin masara ko wake, sai sun shuka ire-ire masu yawa a ƙananan filayen gwaji, su ga wanda ya jure fari da wanda ƙuda-ƙuda ta cinye. Akasarinsu a nan labarinsu ke ƙarewa, amma abin da aka koya daga gare su yana shiga cikin irin da aka fitar daga baya. Haka maƙeran jirgin sama suke yi. Bayan an gama zane da lissafi, sai a ƙera jirgi ɗaya ko biyu ko uku da hannu, a tashe su sama, a auna gudunsu da yadda suke juyawa da yadda suke sauka. Wannan shi ake kira samfurin gwaji. Lissafi yana da iyakarsa, musamman a shekarun 1930 da babu kwamfuta, saboda haka akwai tambayoyin da iska kaɗai ke iya amsa su, kuma dole wani ɗan Adam ya shiga jirgin ya je ya karɓo amsar. Matuƙin gwaji shi ne ainihin zakaran gwajin dafi.

Abokiyar gaba ta farko ita ce iska

A tsakiyar shekarun 1930 babban jirgin yaƙin Cekoslobakiya shi ne Avia B-534, wanda aka ƙera sama da 500 daga cikinsa. Jirgi ne mai fiffike hawa biyu, ɗaya bisa ɗaya, an haɗa su da sanduna da wayoyi, ƙafafunsa na sauka kuma a waje suke koyaushe. Yana da saurin juyawa ƙwarai, gudunsa kuwa ya kai kimanin kilomita 400 a sa'a. A gasar jiragen sama da aka yi a birnin Zurik na Suwizalan a 1937 ya taka rawar gani, amma sabon jirgin Jamus mai fiffike ɗaya, Messerschmitt Bf 109, ya sha gabansa. Mai hankali ya ga inda aka dosa. Tun kafin wannan gasa ma hukumar tsaron ƙasar ta nemi a ƙera magajinsa, aikin kuwa ya faɗa hannun injiniya František Novotný, wanda shi ne ya zana B-534 ɗin.

Domin a fahimci abin da Novotný ya fuskanta, sai a tuna da abin da ke faruwa idan mutum ya miƙa hannu ta tagar mota a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya. Idan motar na tafiya a hankali, iska na shafar hannun ne kawai. Idan direba ya taka wuta, sai ta riƙa tura shi baya da ƙarfi. Wannan turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ta fi shi saurin hauhawa. Idan gudu ya ninka sau 2, turjiya kan ninka sau 4, ƙarfin injin da ake buƙata don cin ƙarfinta kuma ya ninka sau 8. Ɗalibi na iya gwada lissafin da kansa: daga kilomita 400 zuwa 500 a sa'a ƙarin kashi ɗaya cikin huɗu ne, watau 1.25. Idan aka ninka 1.25 da kansa sau uku, za a sami kusan 1.95. Ke nan idan ba a sauya siffar jirgin ba, sai an kusa ninka ƙarfin injinsa kafin a sami wannan ƙarin gudu.

Cekoslobakiya ba ta da irin wannan inji. Abin da take da shi shi ne Hispano-Suiza 12Y, injin Faransa da kamfanin Avia ke ƙerawa bisa lasisi, mai ƙarfin doki kimanin 860, kusan shi ne dai wanda ke cikin B-534. Tunda ba dama a ƙara ƙarfi, sai a rage turjiya. Aka cire fiffike ɗaya, aka kawar da sanduna da wayoyi, aka gyara gangar jikin ta zama sumul. Da injin nan guda, B-35 ya kai kimanin kilomita 490 a sa'a. Kusan dukkan wannan riba daga siffa ta fito.

Wannan darasi ne da tsuntsaye suka daɗe suna bayarwa kyauta. Shaho idan zai kai bara yakan naɗe fikafikansa ya matse su a jiki, ya zama kamar kan mashi. Shirwa na tashi sai ta ɓoye ƙafafunta a cikin gashin ciki. Zalɓe da balbela, da yake ƙafafunsu sun yi tsawon da ba za su ɓoyu ba, sai su miƙe su baya a layi ɗaya da jiki, su kuma lanƙwashe wuya. Babu tsuntsun da ke tafiya mai nisa da ƙafafu a reto.

A nan ne B-35 na farko ya yi sassauci. Na'urar da za ta naɗe ƙafafun sauka cikin fiffike ba ta kammala ba, lokaci kuma ya ƙure, don haka aka bar ƙafafun a waje, aka dai yi musu sutura mai santsi domin iska ta zame a kansu. Farfelarsa ma ta katako ce mai baki biyu, wadda ba a iya sauya karkatar bakinta a sama. Gangar jikin bututun ƙarfe ne da aka haɗa, an rufe gaba da ƙarfe, baya da ƙyalle. Fiffiken kuwa katako ne, aka lulluɓe shi da fale-falen katako da aka manna wa siririn alminiyum a waje. Jirgi ne mai ƙafa ɗaya a sabon zamani, ɗaya a tsoho.

Abin da ya fi jan ido a jikinsa shi ne siffar fiffiken, mai faɗi a gindi, yana tsukewa a hankali cikin lanƙwasa har zuwa baki, kamar ganyen gwaiba da aka raba gida biyu a tsakiya. Ba don ado aka yi haka ba. Fiffike yana ɗaga jirgi ne ta hanyar karkatar da iska zuwa ƙasa, abin da ke sa matsin iskar da ke ƙarƙashinsa ya fi na wadda ke bisansa. A bakin fiffiken, inda ba shamaki tsakanin ɓangarorin biyu, iskar ƙasa kan kewayo ta hau sama, ta haifar da wata 'yar guguwa da ke bin jirgin a baya. Ƙarfin da ya tafi wajen murɗa wannan guguwa asara ne ga inji. Masanin Jamus Ludwig Prandtl na jami'ar Gottingen ya nuna da lissafi wajen 1918 cewa asarar takan ragu matuƙa idan aka rarraba ɗagawar a kan fiffike bisa wannan siffa ta ganye. Shi ya sa jirgin Spitfire na Ingila, wanda ya fara tashi a Maris 1936, yake da irin wannan fiffike. Ungulu kuwa ta wata hanya ta bi: gashin bakin fikafikanta a warwatse yake kamar yatsun hannu, yana daddatsa guguwar zuwa ƙanana. Lanƙwasar da ake gani a bakin fikafikan manyan jiragen fasinja na yau ita ma maganin wannan ciwo ce.

Sai dai fiffike mai siffar ganye yana da wuyar ƙira, domin kusan kowane haƙarƙari na cikinsa da girmansa daban, ga lanƙwasa ta ko'ina. Abin da ya yi kyau a takarda yakan ci wa ma'aikata lokaci da kuɗi.

Kwana biyu kafin Munik

B-35 ya fara tashi ranar 28 ga Satumba, 1938. Ranar 30 ga watan, a birnin Munik, shugabannin Jamus da Italiya da Birtaniya da Faransa suka sa hannu a yarjejeniyar da ta miƙa wa Hitler yankin Sudeten na Cekoslobakiya, ba tare da an ba masu ƙasar kujera a teburin ba. A wannan yanki ne ganuwar tsaron ƙasar take. Jirgin da aka ƙera don kare iyaka ya tashi, bayan kwana biyu iyakar ta tafi.

Duk da haka gwaji bai tsaya ba. A watan Nuwamba jirgin ya faɗo, matuƙin gwaji Arnošt Kavalec ya rasa ransa. Kafin ƙarshen Disamba samfuri na biyu ya tashi, da gyare-gyaren da aka yi masa. Ana cikin haɗa na uku, wanda a ƙarshe ya sami ƙafafu masu naɗewa, sojojin Jamus suka shiga birnin Prag ranar 15 ga Maris, 1939. Da wannan na uku ya tashi, tambarin Jamus ne a jikinsa.

Daga gare shi aka fitar da B-135, mai gudun kimanin kilomita 535 a sa'a. Jamus ba ta bukace shi ba, tana da nata. Ƙasar Bulgeriya ce ta sayi 12, ta kuma karɓi lasisin ƙera wasu 50 a gida, har ta raɗa musu suna da kalmar da ke nufin tsattsewa a harshenta. Ko ɗaya ba a ƙera ba. Zane yana hannu, izini yana hannu, amma masana'antar da aka ɗora wa aikin ba ta da kayan aiki da ƙwarewar da za ta iya. Waɗancan 12 ɗin yawanci a makarantar horar da matuƙa suka ƙare. Yana da kyau mai karatu ya riƙe wannan batu na Bulgeriya, don zai sake bayyana da wata fuska a Kaduna.

B-35 ba shi kaɗai abin ya shafa ba. Wani kamfanin na Prag mai suna Aero, wanda aka kafa a 1919 kamar Avia, ya tashi samfurin jirgin jefa bom mai inji biyu, A.300, a 1938. Shi ma mamayar Jamus ta datse shi.

Abin da mamaya ba ta kwashe ba

Idan aka auna da ma'aunin yaƙi, waɗannan jirage ba su tsinana wa ƙasarsu kome ba. Amma masu zane da masu walda da kafintocin fiffike da matuƙan gwaji suna nan, kuma hannunsu bai daina aiki ba. A lokacin mamaya an tilasta wa masana'antun ƙera jiragen Jamus. A shekarun 1950 suka ƙera dubban jiragen MiG-15 na Tarayyar Sobiyet bisa lasisi, a nan suka naƙalci aikin injin jet da jikin ƙarfe zalla. Aikin wasu suke yi, amma ilmin yana taruwa a gida.

Ranar 5 ga Afrilu, 1959, samfurin wani sabon jirgin koyo mai injin jet ya tashi, ƙirar gida tun daga zane. Sunansa L-29 Delfin. Waɗanda suka jagoranci zanensa su ne Zdeněk Rublič da Karel Tomáš, shi Tomáš ɗin kuwa tsohon hannu ne da ya shugabanci sashen jiragen sama na kamfanin Tatra tun kafin yaƙi. Samfurin farko da injin Ingila ya tashi, kafin na gida mai suna M-701 ya kammala, kamar dai yadda B-35 ya tashi da ƙafafu a waje don kada a zauna jira. A 1961 aka gwada shi da takwarorinsa na Folan da Tarayyar Sobiyet, ya yi nasara, aka zaɓe shi jirgin koyo na akasarin ƙasashen gabashin Turai. An ƙera sama da 3,500 kafin a tsaya a 1974. Sunan Delfin na wata dabbar teku ce mai shayarwa, wadda ba kifi ba ce ko da yake ta yi kama da shi, domin ruwa ma kamar iska yake, duk mai son gudu a cikinsa sai ya zama sumul.

Rundunar sojan saman Nijeriya an kafa ta ne a 1964 da taimakon Jamus ta Yamma, har shugabanta na farko ma Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz, Kaduna kuma ita ce cibiyar horonta. Da yaƙin basasa ya ɓarke a Yuli 1967, rundunar ba ta da jirgin yaƙi na sosai. Birtaniya da Amurka suka ƙi sayar wa gwamnatin Janar Yakubu Gowon jiragen yaƙi, sai ta juya gabas. A watan Agusta jiragen MiG-17 na Sobiyet da L-29 na Cekoslobakiya suka fara isowa. Jirgin da aka zana don koyar da ɗalibai aka ɗaura masa makamai aka tura fagen fama, a yaƙin da fararen hula suka fi kowa shan wuyarsa. A cikin L-29 ne shugaban rundunar, Kanar Shittu Alao, ya rasu a haɗarin da ya auku a Uzebba a watan Oktoba, 1969. Magajin L-29, watau L-39 Albatros, wanda ya fara tashi a 1968, ya iso Nijeriya a tsakiyar shekarun 1980, guda 24, aka girke su a Kano.

Kaduna ta gwada nata

A ƙarshen shekarun 1980 aka yanke shawarar maye gurbin jiragen Bulldog na Birtaniya da ake koyo da su a Kaduna da jirgin da za a haɗa a gida. Kamfanin AIEP, mai alaƙa da Dornier na Jamus, wanda ke tsohon filin jirgin sama na Kaduna, ya ɗauki zanen wani ƙaramin jirgin Amurka mai suna RV-6A na kamfanin Van's Aircraft, ya yi masa gyare-gyare don aikin soja. Samfurin ya tashi a 1989, aka sa masa suna Air Beetle, watau buzuzun sama. Sunan da ɗan ban dariya ga wanda ya san ƙwari, domin fikafikan gaba na buzuzu sun zama ƙoƙo mai tauri, da na baya kaɗai yake tashi, kuma ba a san shi da gwaninta a sama ba. An yi odar guda 60, aka haɗa su a Kaduna a shekarun 1990.

Air Beetle yana da kujeru biyu kafaɗa da kafaɗa, malami da ɗalibi, da inji mai ƙarfin doki 180, ƙafafunsa uku kuma ba sa naɗewa. Abin da ya zama tawaya ga B-35 a nan daidai ne. Tunda turjiya tana bin ninkin gudu, jirgin da gudunsa ya yi ƙasa da na B-35 sosai asararsa kaɗan ce idan ya bar ƙafafu a waje, ribarsa kuwa ita ce sauƙin nauyi da sauƙin gyara, ga kuma kawar da haɗarin ɗalibin da zai manta ya sauke ƙafa kafin ya taɓa ƙasa. Ba a cewa wannan ƙira ta fi waccan sai an tambayi aikin da aka nufa da ita.

Matuƙa da yawa sun fara tashi a cikinsa, matasan Nijeriya kuma sun koyi haɗa jikin jirgi da hannunsu. A nan Kaduna ta wuce Bulgeriya, don ita jiragen sun fito sun tashi. Inda aka yi rashi shi ne abin da ya biyo baya. Muhimman sassa kamar inji daga waje suke zuwa, ba a kuma fitar da wani sabon jirgi daga cikin Air Beetle ba yadda B-135 ya fito daga B-35, ko L-39 ya gaji L-29. Ƙwarewar ma'aikaci ba ta ajiyuwa a sito kamar hatsi. Idan aka yi shekaru ba a ƙera kome ba, wasu su yi ritaya, wasu su koma wata sana'a, sai a wayi gari zane yana nan amma babu hannun da ya san shi.

Aikin gwaji ya sake farfaɗowa a Mando ta wata kafa, wato jirage marasa matuƙi. Injiniyoyin rundunar da suka yi karatu a jami'ar Cranfield ta Ingila sun fara da wani ƙarami mai suna Amebo. A Disamba 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da Gulma a Kaduna, a Fabrairu 2018 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da Tsaigumi, wanda aka yi da haɗin gwiwar kamfanin UAVision na Fotugal. Duk sunayen uku ma'anarsu guda, kuma sun dace da jirgin da aikinsa shi ne ya leƙo ya kawo rahoto. A wannan karon an sami jeri, wani na bin wani. Irin waɗannan jirage suna da wata fa'ida ga ƙasa mai ƙarancin kuɗi: idan samfuri ya faɗo, ba a binne kowa, a kwashi tarkace a duba abin da ya faru a sake ƙerawa. Sai dai bikin ƙaddamarwa farkon gwaji ne kawai. L-29 ya shafe kimanin shekara huɗu tsakanin tashinsa na farko da fara ƙera shi da yawa.

A fagen jirgin koyo mai matuƙi kuwa, da Air Beetle ya tsufa, Nijeriya ta koma kasuwa. Daga Disamba 2016 jiragen Super Mushshak suka fara isowa daga Pakistan, guda 10 aka saya domin makarantar Kaduna. Asalin wannan jirgi zanen kamfanin Saab ne na Suwidin. Pakistan ta fara ne a tsakiyar shekarun 1970 da haɗa sassan da ake aiko mata a akwati, kamar yadda aka yi da Air Beetle a Kaduna. A farkon shekarun 1980 ta koma ƙera jikin jirgin da kanta a masana'antar Kamra, a shekarun 1990 ta sa masa inji mai ƙarfin doki 260 ta fitar da sabon samfuri, daga baya ta shiga sayar wa wasu ƙasashe, ciki har da Nijeriya.